Gyambon da Ba Ya Son a Taɓa Shi

'Yar fari ce, shi ya sa ba zan rubuta sunanta ba. A ƙauyenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban surukai, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka na tashi na gani, haka kuma na ci gaba da yi ko da muka dawo Samaru, inda ba wanda ya damu da wannan. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Shekararta shida a daminar da abin ya fara.

Ɗan ƙurji ne a ƙwaurinta na hagu, kamar cizon sauro da ya tara ruwa. Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne zafinsa ya fi girmansa. Yarinyar da ba ta kukan allura, sai ga ta tana ihu don gefen zane ya goge wurin. Babanta mai walda ne a Chikaji, mutum ne mai son a gama abu a wuce wurin. Ya ƙona allurar ɗinki a wutar risho, ya yi wa ƙurjin sakiya ya matse. Abin da ya fito bai cika rabin cokalin shayi ba. Ya ce kafin jibi ya bushe.

Kafin jibi ya buɗe baki kamar murfin kwalba. Na ga gyambo iri-iri a ƙauye, na manoma da na tsofaffi, amma ban taɓa ganin mai irin wannan baki ba. Launinsa kamar ɗinyar da ta fara nuna, ba baƙi ba, ba ja ba. In ka sunkuya ka duba da kyau sai ka ga ya yi rami ya shige ƙarƙashin fata mai lafiya, yadda gara ke cin azara ta ciki ta bar bayanta sumul. Mai kemis na bakin layinmu ya ba mu kafso na sati ɗaya, ta shanye. Ya canza wani, shi ma ta shanye. Kamar ana zuba ruwa a kwando.

Daga nan babanta ya ce mu koma wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, kusa da wurin aikinsa, inda suke kai yaran shago in ƙarfe ya yanke su. Akwai wata nas a wurin, 'yar kudu ce amma ta daɗe a Zariya, Hausarta ta fi tawa gishiri. Kowa ya san ta da iya wankin ciwo. Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma ita ce ƙa'idar kowa: ciwo ba ya warkewa sai an kankare mataccen nama har jan jini ya fito. Litinin da Alhamis muke hawa keke daga Samaru, mu bi ta Kwangila, ƙafar yarinyar a kan cinyata, kowane rami a hanya sai na ji shi a haƙorina. Nas ɗin takan sa hantsaki da 'yar wuƙa ta bi bakin ciwon tana kankarewa, ni da wata ma'aikaciyar wurin muna danne yarinyar. In ta gama takan share mata hawaye da kanta, ta ba ta alawa, ta ce mini, "Maman bebi, ki daure. Kin ga jinin nan? Lafiya ke nan tana zuwa."

Mutuniyar kirki ce. Ina so a san wannan.

Ni sana'ata saƙar kwarashi, hulunan jarirai da safa, matan malaman jami'a da ɗalibai masu goyo su ne masu saye. Kullum akwai guntayen zaren ulu a ɗakina. Wata safiya ina canza mata bandejin da ya jiƙe, sai na rasa ko ciwon ya ƙaru ne ko idona ne. Na ɗauki guntun zare na miƙa a samansa, ban bari ya taɓa ba, na yanke daidai faɗinsa. Washegari na sake. Na riƙa ɗaura su a jere a jikin wani tsohon tsinken saƙa da ya lanƙwashe, ina ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Ba wanda ya sa ni, ban kuma san amfanin da zai yi ba. Hannuna ne kawai ba ya son zama.

Bayan sati biyu na ɗaga tsinken a hasken taga, sai na ga zaren ba a hankali suke ƙara tsawo ba. Sukan yi tsalle, su tsaya, su sake tsalle, kamar matakalar bene. Na canza dabara. Kwana biyun da ke bin ranar wanki na riƙa aunawa da jan zare, sauran ranaku da fari.

Gidanmu gidan haya ne, ɗaki goma sha biyu, tara na ɗalibai. Da hantsi duk sukan watse su tafi lacca, gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar famfo da kukan kurciya a kan mangwaron maƙwabta. A irin wannan lokacin ne, wata Talata, tana zaune a tabarma a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafa, ina saƙa a gefenta, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Mama, ya farka."

Na ce wa? Ta nuna bandejin da haɓa. Ba kuka take ba. Yadda ake faɗin baƙo ya iso, haka ta faɗa. Na ce ta rufe mini baki, ciwo ba mutum ba ne. Amma na kasa ci gaba da saƙar, na zauna ina kallon farin bandeji a tsakar rana kamar zan ga ya motsa. Daga ranar kullum sai ta ba ni labarinsa. Yau yana barci. Yau ya farka. Yau yana cin abinci. Da na riƙa haɗa maganarta da zarena, sai na ga ranakun da take cewa ya farka su ne ranakun jan zare.

Sau uku ana ɗibar ruwan ciwon a kai gwaji, sau uku takarda na dawowa ba a ga ƙwayar cuta ba. An duba suga babu, an duba sikila babu. Likitan asibitin yakan juya takardar ya dubi bayanta, kamar amsar tana can. Abu yana cin ƙafar yarinya ido na gani, an leƙa ciki an ce ba kowa.

Sai aka yi wa nas ɗin rasuwa, ta tafi garinsu jana'iza, ta yi kwana goma. Wadda ta riƙe mata aiki matsoraciya ce, ba ta iya jure ihun yara. Ruwan gishiri kawai take zubawa, ta ɗora auduga ta naɗe, ta ce mu yi haƙuri har Madam ta dawo. A kwana goman nan, tunda ba a kankare ba, zarena duk farare ne, tsawonsu ɗaya, kamar da almakashi aka daidaita su. Yarinyar ta ci tuwo, ta yi wasa da 'yar tsana, ta ce yana ta barci. Da Madam ta dawo ta buɗe, ta yi faɗa sosai, ta ce an bar datti ya taru, ta kankare fiye da kullum. Zuwa Asabar ciwon ya kai murfin gwangwanin madara babba, zazzaɓi ya rufe ta, aka kwantar da mu aka sa mata ƙarin ruwa a bayan hannu.

Kwana uku da cire allurar ruwan, na ga ɗan ƙurji daidai inda ta shiga. Na san shi. Kamar ka ga fuskar wanda ka sani a garin da bai kamata ya zo ba. Kwana biyu ya buɗe, da wannan baki mai launin ɗinya.

A satin ne uwar mijina ta zo daga ƙauye da kaza da ƙullin garin magani. Ta duba ƙafar, ta duba hannun. Can ta ce wannan daji ne, kuma duk wanda ya tashi a gaban manya ya san daji ba ya son ƙarfe. In allura ko aska ta taɓa shi, haukacewa yake. Babanta ya tashi tsaye. Ya ce ita mai zuwa coci duk Lahadi ce take wannan magana? Ya ce irin wannan camfin ne ya kashe ƙaninsa, aka hana shi allura ana ba shi jiƙo har ya tafi. Ya ce shi da ƙarfe yake wuni, ƙarfe ke ciyar da gidan nan, bai taɓa ganin ƙarfen da ya san wani ciwo ba. Ta ce to, ɗan boko, ga ka ga 'yarka.

Ina tsugune ina fige kazar, tsinken zare yana ƙarƙashin katifa, taku huɗu daga inda suke. Ban ɗauko ba. In na ɗauko, na goyi bayan camfi a gaban mijina, ni da ko firamare da ƙyar na gama, kuma ya sha ce mini in bar tunanin ƙauye a ƙauye. Ga shi kuma 'yar fari ce. Wace uwa ce za ta buɗe baki a gaban surukarta ta nuna ta ƙirga kwanakin ciwon 'yar fari ɗaya bayan ɗaya? Sai na ci gaba da fige kazar. Na sake kai ta wanki har sau biyu bayan wannan, na danne ta da hannuna, ina sane. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna abinci ke fita raina.

Likitan Sabon Gari ya ce abin ya fi ƙarfinsu, ya ba mu takarda zuwa babban asibitin Shika. Ya ja babanta gefe, amma na ji. Ya ce sai an shiga tiyata an yanke har inda nama mai lafiya yake, in kuma ya ci gaba bayan haka, to ƙafar ce.

A babban asibiti aka ba mu gado kusa da taga a ɗakin yara. Likitan tiyata dattijo ne mai sanyin magana. Ya duba ƙafar, ya ce za a sa ta a layin ranar Alhamis. Har ya juya sai idonsa ya faɗa kan hannun. Ya ɗaga shi, ya tambayi yaushe wannan ya fito, babanta ya ce kwanan nan. Ya ce yana so likitar fata ta gani kafin ranar, zai aika mata.

Laraba da safe wata nas ta kawo takardar amincewa da aiki, don a shirya komai. Likitar fata ba ta zo ba tukuna. Uwar mijina na zaune a ƙasa a kan zanenta, babanta ya karɓi biro. Yarinyar tana kallon silin, ta ce a hankali, kamar da silin ɗin take magana, gobe zai ci da yawa.

"Kada ka sa hannu," na ce.

Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana. Ya ce me na ce?

"Ka bari likitar ta zo. 'Yata ce. Ni nake wanke ta, na san abin da na gani."

Ban taɓa kiran ta 'yata a gaban uwarsa ba. Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zane, kamar ita ce ta yi abin kunyar. Matan da ke gadajen kusa suka bar hira. Babanta ya riƙe biron ya daɗe, sannan ya mayar wa nas ɗin, ya fita waje.

Wajen azahar likitar ta zo, gajeruwa mai tabarau, da ɗalibai uku a bayanta. Ba ta taɓa ciwon da komai ba. Ta tsuguna ta haska bakinsa da fitilar waya, ta duba hannun, ta sa aka juya yarinyar ta ga wani ɗan tabo a ɗuwawu inda aka taɓa yin allura. Ta yi tambayoyi da yawa: ko tana gudawa mai jini, ko gaɓoɓinta na kumbura, ko akwai mai tari a gida. Babanta ya riga ya dawo, shi ne ke amsawa. Can ta juyo ta ce, "Maman yarinya, ke ba ki ce komai ba. Yaushe ya fi tsananta?"

Na buɗe jakata na fito da tsinken. Na shimfiɗa shi a kan farin zanen gado, zare fiye da arba'in, ja da fari, na ce ja na bayan wanki ne. Wani ɗalibi ya fara murmushi, ta dube shi ya daina. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan farare goman nan masu tsawo ɗaya ta tsaya, ta ce nan fa me ya faru? Na ce mai wankin ce ta yi tafiya. Ta cire tabarau ta goge, ta yi wa ɗaliban Turanci mai tsawo, suka matso suna ɗaukar hoton zarena da waya.

Sannan ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce tana kyautata zaton wata cuta ce da ba kasafai ake gani ba, balle a yara, likita kan yi shekaru bai haɗu da ita ba. Ba ƙwayar cuta ba ce, shi ya sa gwaji ke dawowa wayam. Sojojin jikin yarinyar ne, waɗanda aikinsu su taru inda aka ji rauni su gyara, su ne suka ruɗe. In sun zo ba sa tsayawa, sai su hau cin fatar da suka zo karewa. Duk inda aka yanka ko aka soka ko aka kankare, kiran su aka yi. Da an shiga tiyatar nan an yanka babba, da babba za su ci. Ta rubuta sunan a takarda, na kwafo shi nan harafi-harafi don ban iya faɗinsa ba: pyoderma gangrenosum.

Uwar mijina ta ce ai dama ta faɗa, daji ne. Likitar ta ce, "Mama, ba daji ba ne, kuma ba ƙarfen ba ne. Ko ƙaya ce, ko farce, haka zai yi. Amma idonki ya ga wani abu." Ta ƙara da cewa kada mu ɗauki wannan mu hana yarinya allura ranar da ranta ke bukata, mu dai riƙa faɗa wa duk likitan da zai taɓa ta, tun kafin ya taɓa.

Aka cire ta daga layin tiyata. Amma likitar ta ce dole ta yanki ɗan ƙanƙanin nama a bakin ciwon, kamar ƙwayar dawa, a duba a tabbatar ba cutar tibi ta fata ba ce ko wani abin da ke kama da shi, domin maganin da za ta bayar yana kwantar da sojojin jiki, in akwai wata cuta a ɓoye zai ba ta fili. Ni ta kalla da take faɗa, ba babanta ba. Na san abin da yanka ke jawowa, ita ma ta sani. Na ce ta yi. Wurin ya ɗan faɗaɗa a kwana biyun da suka biyo, na auna, na nuna mata, ta ce ta gani.

Maganin ƙananan ƙwayoyi ne farare, ana sha da safe bayan abinci. Wankin kuwa ruwan gishiri kawai, a hankali, da wata auduga mai maiƙo da ba ta mannewa. Zafin ne ya fara tafiya. Kwana biyar ta bar ni na taɓa gefen ƙafar. Sai launin ɗinyar ya fara kodewa, bakin da ya yi rami ya kwanta ya haɗe da ƙasan ciwon. Ta daina ba ni labarinsa. Ni kuma ban tambaya ba.

Muka koma Samaru bayan sati uku, muna zuwa Shika ana dubawa. Maganin ya zo da nasa. Ta riƙa ci kamar mai aikin gona, fuskarta ta cika ta yi zagaye kamar faifai, wani siririn gashi ya fito mata a goshi. Wata ɗaliba da ta dawo daga hutu ta tambaye ni ina 'yata, wannan 'yar wa ce. Ni kaina wani lokaci da rana tsaka nakan ɗago daga saƙa in ga wata yarinya mai kumatu zaune a tabarmarmu tana kallona da idon 'yata, sai gabana ya faɗi. Na so in daina ba ta. Amma likitar ta ja mini kunne tun farko: wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya, ita za ta riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, fuskar kuma za ta dawo. Ta dawo ɗin, amma sai da ta ɗauki lokacinta.

Babanta bai taɓa tayar da maganar biron nan ba. Sau ɗaya dai, yana ɗaure takalmi zai fita aiki, ya ce wa ƙasa, ba ni ba, shi ne ya fara taɓa shi da allura. Na ce ni kuma na danne ta. Ya fita. Nas ɗin Sabon Gari kuwa na haɗu da ita a kasuwa wajen masu kifi, na gaya mata duka. Ta ajiye ledarta a ƙasa, ta sa na maimaita, ta ce in kawo mata takardar sunan ta kwafa. Na kai mata.

Wata biyar kafin ƙwaurin ya rufe. Tabon da ya bari ba irin na ƙuna ba ne, fata ce siririya mai ƙananan ramuka kamar rariya. Likitar ta ce yana iya dawowa, yana iya kuma ƙin dawowa har abada, ba wanda zai yi mini alkawari.

Bayan an daina maganin da 'yan watanni, wata Lahadi muna fitowa daga coci ta ruga da gudu, ta yi tuntuɓe a bakin kwalbati, gwiwarta ta dama ta goge. Ɗan ƙujewa ne, irin wanda kowane yaro ke yi. Mutane na gaisawa, ni na durƙusa a ƙasa a cikin kayan zumuntar matan coci ina kallon ɗigon jini uku. A gida na zuba ruwan gishiri, na rufe, na hana kowa taɓawa. Rana ta farko ja ne. Rana ta biyu ja ne. Rana ta uku na fito da ita tsakar gida inda haske ya fi, na juya gwiwar ta ko'ina ina neman wannan launi a gefe. Ta gaji da ni, ta ce ƙafarta ta yi tsami. A rana ta huɗu ya yi ɓawo, baƙi, busasshe, mummuna, irin na kowa. Na ce kada ta kuskura ta ɓamɓare. Ta ce to. Kwana tara ya faɗi da kansa a cikin bahon wanka, na tsince shi yana yawo a kan ruwa, ita kuwa har ta zura takalmi ta fita layi, don an aike ta sayen magi.